Nama Muna So, Mahauci Ne Ba Mu So

Bara, bayan an gama cire albasa, aka mayar wa wani tsohon ɗalibina kayan neman aure a nan Madekali. Goro ne da alewa da 'yan kuɗin gaisuwa. Aka ɗaure su cikin ƙyallen da aka kai su, aka ba yaro ya kai wa uwarsa da almuru domin kada mutane su gani. Saurayin nan ni na koya masa karatu tun yana ɗan shekara bakwai. Yau ma'aikacin asibiti ne, ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba wanda ya taɓa kai ƙararsa ko gaban mai unguwa. Yarinyar tana sonsa, uwarta ma ta yarda. Abin da ya ɓata maganar shi ne, wai an bincika asali, an tarar kakansa mahauci ne, daga wajen Kabi ya zo yana fawa a kasuwa.

Uwarsa ta roƙe ni in sa baki, na kuwa tafi wurin baffan yarinyar, gama shi ne mai ba da ita. Dattijo ne da muka daɗe muna zaman mutunci. Na tarar da shi a zaure, daga cikin gida kuma ana jin kiɗan fim ɗin Indiya, mata da yara sun taru suna kallo. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, kai mai ilimi ne, amma akwai abin da ba a koya wa mutum a lakwal. Allah da ya yi yatsu bai yi su daidai ba. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Ko Turawan da ka karanta littattafansu, ai suna da 'ya'yan sarauta da talakawa. Mu ma ai da sauƙi, ba mu hana kowa shan ruwan rijiya kamar yadda ake yi a Indiya ba. 'Ya ce kawai ba za mu bayar ba."

Na ce, "Alhaji, yaron nan shi ya yi maka allura da ka kwanta." Ya ce, "Allah ya saka masa. Allura daban, aure daban."

Ban yi masa gardama a zaurensa ba, gama ba a ja da dattijo a gidansa. Amma tun da shi ya kira Turai ya kira Indiya su yi masa shaida, bari mu kira su, mu ji ko shaidar tasu za ta tsaya masa.

Mu fara da Turai. Shekara dubu da suka wuce, ƙasar Faransa da Ingila ba su yi kama da abin da muke gani a hotuna yau ba. Sarki yakan raba ƙasa ga manyan mayaƙansa, su kuma su durƙusa gabansa, su sa hannuwansu cikin nasa, su rantse za su fito masa yaƙi da dawakansu. Mayaƙan nan su ma su rarraba wa na ƙasa da su. Can ƙarƙashin duka akwai manomi, wanda a wurare da yawa a ɗaure yake da gonar da aka haife shi a kai. Ba shi da ikon tashi ya koma wani gari sai da izinin ubangidansa. Yakan yi wa ubangidan noma kwana biyu ko uku a kowane mako kafin ya taɓa tasa gonar. Dole ya kai hatsinsa wurin niƙan ubangida, ya biya. In zai aurar da 'yarsa ya biya tara. In ya mutu, ubangida ya zo ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garkensa ya tafi da ita, kafin marayu su ga abin da ya rage. Sa'ad da Sarki Wilyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasar a 1086, an tarar wajen mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka rubuta bawa ne sosai, wanda ake iya sayarwa.

Wannan shi ake kira mulkin mulaka'u. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi kuwa, takobi kaɗai bai isa ya riƙe irin wannan tsari ba. Sai da aka nemo masa labari. Wajen shekara ta 1030 wani bishop na birnin Lawon, sunansa Adalberon, ya rubuta wa Sarki Robat na Faransa cewa jama'ar Allah kashi uku ce: masu addu'a, masu yaƙi, da masu aiki, kowa kuma ya tsaya inda aka ajiye shi. Shi bishop ɗin ɗan babban gida ne, danginsa su ne masu dawakin. Bai ɓoye wahalar manomi ba, ya san kowa daga guminsa yake ci, amma ya ce haka aka tsara daga sama. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, gama manyan ikilisiya ne suka ɗinka wa zalunci wannan riga, suka sa masa, ya yi ɗaruruwan shekaru yana yawo da ita. Maganar yatsun da Alhaji ya yi mini, ashe an riga shi yinta da Latin.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da batunmu. A kudu maso yammacin Faransa da arewacin Sifen an yi waɗansu mutane da ake ce da su Kago. Harshensu ɗaya da na maƙwabtansu, launin fatarsu ɗaya, addininsu ɗaya. Yawancinsu masassaƙa ne, su suke yi wa gari rufin ɗaki, har rufin majami'a. Duk da haka unguwarsu daban, maƙabartarsu daban, ba a ba su aure, ba a karɓa daga gare su. A majami'a an huda musu wata 'yar ƙaramar ƙofa a gefe, ta nan suke shiga su tsaya a baya. Har yau akwai tsofaffin majami'u da ake ganin ƙofar nan, waɗansu an toshe ta da dutse. Abin mamaki, da masana suka zo bincike, ba su iya daidaita baki a kan mene ne laifin mutanen nan tun farko ba. Waɗansu suka ce jikokin kutare ne, waɗansu suka ce jikokin baƙin da aka ci da yaƙi ne. An yi shekara ɗari biyar da ɗoriya ana ƙyamar mutane, dalilin ƙyamar kuwa ya ɓace, ƙyamar ta zauna. A biranen Jamus kuma masu feɗe mushe da masu zartar da hukuncin kisa an ɗauke su marasa daraja, ba a shigar da 'ya'yansu ƙungiyar masu sana'a, ba a zama teburi ɗaya da su.

To, Alhaji ya yi gaskiya, Turawa sun yi. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda aka ƙare. Tsakanin 1347 da 1351 annoba ta shiga Turai ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanenta. Gonaki suka rasa manoma. Manomin da jiya ake cewa Allah ya halicce shi domin ya bauta wa gida kaza, yau ya ga maƙwabcin ubangidansa yana kiransa da lada ninki biyu, sai ya ɗaure kayansa da dare ya tafi. Masu ƙasa a Ingila suka ruga suka yi doka a 1351 wai kada lada ta wuce ta kafin annoba. In da tsarin daga sama yake, me ya kawo doka? A 1358 manoman arewacin Faransa suka tayar, a 1381 na Ingila suka shiga birnin Landan. Cikinsu akwai wani firist, Jon Bol, wanda ya riƙa tambayar jama'a su nuna masa wane ne ɗan sarauta a zamanin da Adamu da Hawwa'u suke aiki da hannunsu. An rataye shi a shekarar nan, amma bautar gona ta yi ta zubewa a Ingila har ta ƙare. A Faransa sai daren 4 ga Agusta 1789 majalisa ta soke gatan masu ƙasa. Rasha ta jira har 1861. Ba wanda ya ga sama ta faɗo. Yau jikan Kago yana auren wadda ya ga dama, mafi yawansu ma ba su san su jikokin Kago ba ne.

Bari in ɗan ratse a nan, domin kalmar nan ta mulaka'u mu mutanen Benin mun sha ta da Faransanci har ta gundure mu. Ina ɗan makaranta sa'ad da Matiyu Kereku, wanda ya karɓi mulki a 1972, ya ɗauki aƙidar gurguzu a 1974, ya sāke wa Dahome suna a 1975. A kwanakin nan ba zagin da ya fi a ce da mutum "feyodal". Aka ture sarakunan gargajiya da masu gari gefe, aka kafa wakilan juyin juya hali. Mu yara muna ta rera taken yaƙi da feyodal ba mu san ma'anarsa ba. A hayin Nijeriya kuma tun 1950 Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suke faɗa da danniyar masu sarauta, har a 1979 gwamnatocin PRP suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna. Gaskiya ita ce kalmar ba ta zauna mana daidai ba. Talakan ƙasar Hausa ba a ɗaure yake da gona kamar na Turai ba: in hakimi ya matsa masa yana iya yin ƙaura, garuruwa nawa ne a bakin Kwara ƙaura ta kafa su? Hakimi kuma sarki ke naɗa shi, sarki ke tuɓe shi. Su kansu masanan tarihin Turai tun wajen 1974 suke gardama ko kalmar ta dace da Turai ɗin ma. Amma abin da ya dame ni daban ne. Juyin juya hali ya cire rawani daga kan sarki, bai shiga zaure ya taɓa maganar aure ba. Bayan babban taron ƙasa na 1990 sarakuna suka dawo, a 2019 tsarin mulki ya amince da sarautar gargajiya, a 2025 aka yi mata doka. Rawani ya tafi ya dawo. Maganar "ɗan wane ne?" kuwa ko gezau ba ta yi ba, gama ba a fada take zaune ba, a bakin kakanninmu mata take, da bakin baffanni irin Alhaji, waɗanda su ma talakawa ne.

Yanzu Indiya, wadda muke nunawa da yatsa mu ce mu ai da sauƙi. Laifi tudu ne. A cikin Rigbeda, mafi tsufan littattafan addinin Hindu, akwai waƙar da ta ce an yi mutane daga jikin wani mutum na farko: malamai, wato Brahmin, daga bakinsa, mayaƙa daga damatsansa, 'yan kasuwa da manoma daga cinyoyinsa, masu hidima daga ƙafafunsa. Ka ga yadda ya yi kama da kason bishop ɗin Lawon, ko da yake ba su taɓa jin labarin juna ba. A ƙarƙashin waɗannan huɗu akwai waɗanda ba a sa su cikin lissafi ba sam, waɗanda taɓa su ma ƙazanta ce. Su wane ne? Masu jima, masu feɗe dabba, masu shara, masu kwashe bayan gida. Wato mahauci da majemi da baduku. A zaman yau da kullum kuma rukunonin sun kai dubbai, kowanne da sana'arsa ta gado, kowanne yana aure cikin kansa. Masana falsafarsu suka ƙara wa ginin ginshiƙi mai ƙarfi: suka ce rai yana mutuwa ya sāke dawowa, gidan da aka haife ka kuwa sakamakon aikinka ne na rayuwar da ta wuce. Bisa ga wannan, wanda aka haifa a gidan majemi ba a zalunce shi ba, bashi yake biya.

Kada mu yi wa Hindu ƙarya, daga cikinsu aka sami masu ƙin wannan tun da daɗewa. Akwai koyarwarsu da ta ce rai ɗaya ne cikin dukan halitta. Akwai Basawa a ƙarni na 12 wanda ya ƙi bambancin haihuwa, akwai Rabidas, baduku, wanda har yau miliyoyi suke girmama shi a matsayin waliyyi. Kada kuma mu yi wa kanmu ƙarya: Indiyawan da suka shiga Kiristanci da Musulunci da yawa sun shiga da bambancin nan a aljihu, har aka sami wuraren da maƙabartar masu bi ta rabu biyu.

Mutumin da ya fi kowa girgiza ginin nan shi ne Dokta Ambedkar, wanda aka haifa a 1891 cikin waɗanda ba a taɓawa. Yana yaro a makaranta ba a yarda ya taɓa tulun ruwa ba, sai wani ya tsiyaya masa daga sama. Ya yi karatu a Amurka da Ingila har ya fi malaman da suka ƙyamace shi. A watan Maris 1927 ya ja dubban mutanensa zuwa wani tafki a garin Mahad suka sha ruwa a fili, a watan Disamba na shekarar kuma suka ƙone littafin dokokin Manu. Shi ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda sashensa na 17 ya haramta ƙyamar taɓawa. A 1956 ya bar addinin Hindu ya shiga na Buda tare da dubban ɗaruruwan mutane. A 1997 Indiya ta yi shugaban ƙasa daga cikin mutanen nan, ta sāke yi a 2017. Duk da haka matsalar ba ta mutu ba. Ambedkar kuwa ya faɗi inda jijiyar take. Ya ce abin da yake riƙe da rukunonin nan shi ne hana auratayya, cin abinci tare ba zai rushe su ba, sai an haɗa jini.

Ka ji fa, Alhaji. Ka ce ba ka hana kowa ruwan rijiya ba, 'ya ce kawai ba za ka bayar ba. Mutumin da ya fi kowa sanin ciwon ya ce abin nan da ka kira "kawai" shi ne uwar cutar. Matan gidanka suna kuka in attajirin fim ya kori saurayin 'yarsa domin talaka ne. Su share hawaye, su tashi su ɗaure goron ɗan mutane su mayar.

Masu falsafar Girka sun fi mu gaskiya a wuri ɗaya. Aflaton, da yake zana birnin da yake ganin ya fi kowane kyau, ya ce a gaya wa jama'a cewa an gauraya zinariya cikin jinin masu mulki, azurfa cikin na mayaƙa, baƙin ƙarfe da tagulla cikin na manoma da masu sana'a. Amma ya faɗa a fili cewa labarin ƙirƙira ne, ƙarya ce mai amfani domin gari ya zauna lafiya. Har ya yarda cewa mai zinariya yana iya haifar ɗan tagulla, mai tagulla ya haifi ɗan zinariya. Almajirinsa Aristotal ya ce akwai waɗanda bayi ne tun daga halitta, amma da ya duba kasuwar bayi sai ya rikice, gama ya ga ɗan babban gida ma in an ci garinsu da yaƙi a igiya ɗaya ake ɗaure shi. Mu a nan ba mu bukatar Girka ta gaya mana. Wa ya fi manomin Madekali sanin cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba?

Mu dawo gida. A ƙasar Dendi, tun daga Karimama har Gaya da Illo, kowa ya san kalmomin nan biyu, burcin da banniya, ɗa da bawa, ko da yake yanzu da raɗa ake faɗin ta biyun. A Hausa muna da ɗa da bawa da bacucane, muna da sana'ar karda da ta shigege, muna kuma da jerin waɗanda ake jin nauyin ba su aure: mahauta, maroƙa, makaɗa, majema, a waɗansu wurare har wanzamai da maƙera. Ina tambaya, ta yaya mutum ya zama bawa a bakin kogin nan? An kai wa ƙauyensu hari yana noma. An sace shi yana kiwo. Yunwa ta sa an ba da shi jingina. A ƙarni na 19, da yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu da Zabarma, wanda ya kwana ɗa yana iya wayewa bawa, wanda ya kama shi kuma a kama shi baɗi. Asalin da ake bincike, in an bi shi har ƙarshe, labarin wanda dokinsa ya fi gudu ne a wata ranar Talata.

Kudu da mu, a ƙasar Bargu, akwai misalin da ya isa ya rufe bakin kowa. A al'adar Bariba ta dā, jaririn da haƙoransa na sama suka riga fitowa ana ɗaukarsa mai mugun abu. Wanda aka bar shi da rai akan miƙa shi ga Fulani su rene shi, ya girma yana yi musu bauta, ya shiga cikin waɗanda ake kira Gando. Ko ɗan gidan Wasangari ne, masu sarautar Nikki, haƙori biyu sun isa su mai da shi bawa, shi da zuriyarsa. Wansa uwa ɗaya uba ɗaya yana kan doki ran bikin Gani, shi yana bin shanun wani. Ina jinin yake a nan? Jikokin Gando ɗin nan kuwa, da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a ƙarshen 2002, su suka hau kujerar magajin gari a Kalale, gama sun yi karatu, sun kuma fi yawa.

A Kano ma Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, amma hakimai 'ya'yan sarki sai sun bi ta hannunsu kafin su ga Sarki. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta cewa launin fata ko zuriyar Ham ba hujjar bautar da mutum ba ce, ko da yake shi ma bai kai ga ƙin bautar gaba ɗaya ba. Ingilishi suka ce duk wanda aka haifa a Arewacin Nijeriya daga Afrilu 1901 ɗa ne, suka ƙarasa soke bauta a 1936. Faransa ta yi tata dokar a 1905. Nijar ta mai da bautarwa laifin ɗauri a 2003. Kada wani ya ce tsohon zance nake tonowa: a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba Hadizatu Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar, ta ce a biya ta sefa miliyan 10, domin an sayar da ita tana 'yar shekara 12 a 1996, a yankin Ƙonni, ƙasar Hausa tsantsa. Shekarar 1996 ina aji ina koyar da yara cewa bauta ta ƙare.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce uba yana da ikon zaɓa wa 'yarsa gidan kirki. Haka ne, ni ma uba ne, na kuma yi bincike kafin in ba da tawa. A bincika ko saurayi yana da sana'a, ko yana da lafiya, ko mashayi ne, ko a gidansu ana dukan mata. Waɗannan duka abubuwa ne da za su sami yarinya a ɗakinta. Amma wuƙar kakan da ya mutu shekara 40 da suka wuce, me za ta yanka a ɗakin amarya? Za a ce mahauta suna da taurin zuciya saboda sabo da jini. To, sojan da ya yi yaƙi fa, da ɗan sarkin da kakansa ya ƙone garuruwa? Waɗannan da gudu ake ba su. Za a ce gado abu ne mai kyau, kyan ɗa ya gāji ubansa. Ban ƙi ba. Ina jin daɗi in ga ɗan maƙeri ya iya ƙira, ɗan Sarkawa ya san kogi kamar tafin hannunsa. A 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar, manyan 'yan kasuwa da masu takardun digiri a bakin ruwa suka tsaya suna roƙon masu kwalekwale. Gadon sani dukiya ce. Abin da nake ƙi shi ne a mai da gadon ya zama tabo, a ce ɗan mahauci ko ya zama likita warin kiri yana binsa.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, mu kanmu ba mu gaskata da dokar nan ba. In mahauci ya yi kuɗi, ya sayi tireloli yana kai shanu Kwatano da Ikko, ya je Makka ya dawo, wa yake bincika asalinsa? Ranar nan sai a ce ai arziki na Allah ne. Binciken asali a kan mai albashi kaɗan yake sauka, da maraya, da baƙo. Ashe ma'aunin da ake cewa na kakanni ne yana da farashi, mu kuwa mun san farashin.

Ga kuma shirun masu wa'azi. A masallaci ana ba da labarin Bilal, a majami'a ana karanta cewa masassaƙi ne ya reni Almasihu, waɗansu daga cikin manzanninsa kuma masunta ne. Dukanmu mun ce daga Adamu muke. A sahu kafaɗa tana taɓa kafaɗa, a majami'a ƙoƙo ɗaya ake sha. Amma shekarata 30 da wani abu ina koyarwa a yankin nan, ban taɓa jin liman ko fasto ya tsaya ran Juma'a ko ran Lahadi ya kira abin nan da sunansa ba, ya ce mayar da goron mutum saboda sana'ar kakansa zunubi ne. Ana wa'azi a kan tsadar sadaki, ana yi a kan kayan lefe da rawar biki. Wannan kuwa ana tsallake shi, domin masu yinsa su ne ke zaune a sahun gaba, su ne dattawan ikilisiya. Na san gidan masu bi da aka hana aure domin an ce yarinyar jikar Gando ce, aka fake da cewa an yi addu'a ba a sami salama ba. Mun huda tamu ƙaramar ƙofar, sai dai ba a bango take ba, shi ya sa ba mai iya nuna ta ga baƙo.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da ina saurayi an nuna mini wata yarinya aka ce kada in kuskura, gidansu makaɗa ne. Ban tambayi kowa dalili ba, na janye. Ina da takardar shaidar malanta a lokacin, na karanta juyin juya halin Faransa, na ci jarrabawa a kansa.

Ɗalibin nawa ya nemi a sauya masa wurin aiki, yanzu yana wajen Kandi. Yarinyar an ɗaura mata aure da wani bayan Babbar Salla. An gayyace ni walima, na je, gama ba gaba nake da kowa ba. An yanka sa guda da raguna biyu. Wanda aka kira ya feɗe, ya sassara, ya kasa naman, ƙanen uban yaron nan ne. Ya yi aikinsa tsaf, aka ba shi fata da kai da ladansa, ya wanke wuƙaƙensa a bakin rijiyar gidan, ya fita ta ƙofar baya tun kafin a fara rabon abinci.